Adakar Baba cike da kayan ƙwallon jami'ar Amurka: mu sayar ko in riƙe?

Tambaya:

Assalamu alaikum. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya yi karatun aikin gona a Jami'ar Michigan State da ke Amurka daga 1964 zuwa 1967. Bayan rasuwarsa muka buɗe wata adaka a ɗakinsa a nan Zariya, muka tarar da littattafan wasan ƙwallon jami'ar guda 14, da guntayen tikiti, da tutoci biyu masu kusurwa uku, da rigar sanyi koriya ta ulu, da ƙwallo mai sa hannun mutane da yawa, da yankakkun jaridu, da wani ƙaton littafi mai hotunan ɗalibai da aka rubuta Wolverine a bangonsa. Wasu suna warin fumfuna. Na sa hotuna a Facebook, wani Bature ya taya duka dala 300. Yayanmu ya ce a sayar a raba kuɗin, ni kuma ina so in riƙe, har ma in nemo waɗanda babu in cika. Abin ya fara jawo mana saɓani. Mece ce shawararku?

Amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya gafarta wa Baba, ya ba ku haƙurin rashi, ya kuma haɗa kanku.

Kada ku sallama wa mai tayin nan yanzu, kuma kada ka taɓa gyara komai a cikin adakar. Ka gaya wa mutumin da ladabi cewa kayan gado ne, ba a gama lissafi ba. In da gaske yake, zai jira. Wanda ya taya tulin kaya gaba ɗaya daga hoto kawai, yawanci ya hango abu ɗaya ko biyu ne a ciki da ya san sun isa su biya masa kuɗin da ya kashe, sauran kuwa gyara ce. Aikinka na farko shi ne ka gano wane abu ne ya hango.

Shekarun da Baba ya yi a can suna cikin mafi daraja a tarihin ƙungiyar. Wannan ƙwallon ta Amurka ce, mai kama da zari-ruga, kuma a ƙasar wasan jami'o'i ya girmi na ƙwararru nesa ba kusa ba, tun karawar Rutgers da Princeton a 1869. Mai horar da Michigan State a lokacin, Duffy Daugherty, ya riƙe ƙungiyar daga 1954 zuwa 1972, kuma ya yi suna wajen ɗauko 'yan wasa baƙar fata daga jihohin kudu, inda manyan jami'o'in Turawa ba sa karɓarsu. Ta haka ya samo Bubba Smith daga Beaumont ta Texas da Jimmy Raye daga Fayetteville ta North Carolina. A 1965 ƙungiyar ta ci wasanninta goma na kaka duka, sai jami'ar UCLA ta doke ta da ci 14 da 12 a Rose Bowl, babban wasan da ake yi bayan kaka, ranar 1 ga Janairun 1966. A kakar 1966 ta ci tara a jere, sannan ranar 19 ga Nuwamba ta karɓi jami'ar Notre Dame a filinta na Spartan Stadium a East Lansing, a gaban 'yan kallo fiye da 80,000. Notre Dame ce ta ɗaya a jerin gwanayen ƙungiyoyin jami'o'in ƙasar, Michigan State ta biyu, aka tashi 10 da 10. Amurkawa har yau suna kiransa wasan ƙarni, kuma har yau ana gardama kan matakin da Ara Parseghian, mai horar da Notre Dame, ya ɗauka na cinye mintin ƙarshe ba tare da neman ci ba. A zaɓen 'yan wasa na ƙwararru na 1967, mutum huɗu cikin takwas na farko daga wannan ƙungiyar suka fito: Smith, Clinton Jones, George Webster da Gene Washington.

To, ka je ka duba littattafan nan 14, wato waɗanda ake buga wa 'yan kallo don kowane wasa, da guntayen tikitin. In akwai mai ɗauke da Notre Dame da kwanan watan 19 ga Nuwamba 1966, ko na Rose Bowl na 1966, ka ware su gefe tun yanzu. Kusan tabbas su ne mai tayin ya gani. Littattafan sauran wasanni, irin na Iowa ko North Carolina State, an buga su da yawa kuma mutane da yawa sun adana, don haka kuɗinsu ba ya taka kara ya karya. Gara ka san wannan tun da wuri, kada wani a gida ya ɗauka adakar za ta gina gida.

Kafin lissafi sai an magance fumfunar, don tana ci gaba da cin takarda kullum. Ka fito da komai ranar da babu hadari, a inuwa mai iska, kamar baranda. Kada ka shanya a rana. Rana tana kashe launi cikin 'yan kwanaki, musamman kore da ja, kuma abin da ya koɗe ba ya dawowa. Ka sa takunkumi, ka wanke hannu ka tsane shi sosai. Ka shimfiɗa farin zane mai tsabta, ka jera kayan ɗaya bayan ɗaya ba tare da sun taɓa juna ba, ka buɗe littattafan kaɗan su sha iska kwana biyu ko uku. Fumfunar da ke raye tana da damshi da laushi, in ka goge ta sai ta shafe takardar ta bar tabo. Sai ta bushe ta zama gari sannan za ka sa burushin fenti mai laushi, sabo, ka riƙa share ta daga tsakiyar shafi zuwa waje. Ban da ruwa, ban da tsumma mai jiƙa, ban da sinadarin wanki ko turare. Shafukan da suka manne da juna kuwa ka bar su yadda suke. Littattafan wancan zamani takardarsu mai sheƙi ce, wadda aka shafe da wani farin yumɓu, in ta jiƙe ta bushe sai ta haɗe, in ka ja da ƙarfi hoton wannan shafi zai bi wancan.

Rigar ulu da tutocin kuma ka ɗaga su ga haske ka nemi ƙananan huji da wani gari-gari kamar yashi a cikin ninki da aljihu. Aikin asu ne. Hanyar da gidajen tarihi ke bi ita ce a sa kayan a busashe cikin leda, a matse iska, a ɗaure, a ajiye a firiza mai sanyin awo 20 ƙasa da sifili har mako guda ba yankewa, sannan a fito da ita a bar ta a ɗaure kwana ɗaya kafin a buɗe, don raɓar da za ta taso ta kwanta a bayan ledar. Matsalar ita ce wuta. In firizar za ta riƙa narkewa tana sake daskarewa, ƙwayayen ba za su mutu ba kuma kana iya jiƙa kayan. In ba ka da tsayayyiyar wuta, ka kakkaɓe su da burushi a waje, ka rufe kowanne a ledarsa daban, ka riƙa dubawa duk mako biyu har wata uku. Kafur yana korar asu, amma kada ya taɓa kaya kai tsaye, kuma warinsa yana kama takarda ya ƙi fita, masu saye kuwa suna rage kuɗi a kan wari. Kada a wanke rigar, kada a kai wa mai guga.

Akwai abubuwa huɗu da mutanenmu ke yi da kyakkyawar niyya, duk gyaran gangar Auzinawa ne. Liƙa yagaggen shafi da salatif: gam ɗinsa yana ratsa takarda ya bar tabo ruwan ƙasa bayan 'yan shekaru. Kai tikiti shagon kwamfuta a liƙe shi cikin leda da zafi: wannan ba ya warwaruwa, kuma a wajen masu tarawa tikitin ya gama mutuwa. Datse gefen da ya tauye da almakashi don ya yi kyau: tikitin da aka datse ya fi wanda ya tauye faɗuwa. Na huɗu shi ne bin sa hannun da ya dusashe da biro don ya fito. Da zarar sabon tawada ya hau, babu mai tantancewar da zai amince da shi. Haka 'yan wayoyin ƙarfen da aka ɗinke littafin da su, ko sun yi tsatsa kada ka cire, ka dai tsayar da damshin da ke ciyar da tsatsar.

Yanzu lissafi. Ka sami littafin rubutu, kowane abu ka ba shi lamba, ka rubuta menene, kwanan wata, ƙungiyoyin da suka kara, tsawo da faɗi da ma'auni, da duk aibin da ke jiki: ninki, tabo, rubutun biro, shafin da ya ɓalle. Ka duba tsakiyar kowane littafi, nan ne jerin sunayen 'yan wasa yake, kuma shi ne shafin da ya fi ɓallewa saboda 'yan kallo sukan cire shi. Lambar a kan leda ko wata takarda daban za ka rubuta ta, da fensir, ba a jikin kayan ba. Ka ɗauki hoto gaba da baya a hasken rana na inuwa, ba tare da walƙiyar waya ba.

Tunda kayan a hannun Baba suka fito, ba jabu ne babban abin tsoro a nan ba. Amma ka ce kana so ka ƙara saye, to dole ka iya gane zamani. Sunan makarantar kansa ma'auni ne. Har 1925 Michigan Agricultural College ce, 'yan wasanta ana ce musu Aggies. Daga 1925 zuwa 1955 Michigan State College ce, daga 1955 ta zama jami'a. Tutar da ke da MSC ta girmi zuwan Baba, wadda ke da MSU ta 1955 ce ko bayan nan. Adireshin da ke da lambar gidan waya mai alƙaluma biyar bai girmi 1963 ba, shekarar da Amurka ta fara amfani da ita. Duk abin da ke da zanen layukan nan da ake haskawa a kanti bai girmi 1974 ba. Tambarin da ke cewa jami'a ta ba da lasisin yin kayan, na shekarun 1980 ne zuwa sama. Riga mai lakabin bayanin yadda za a wanke ta, galibi daga 1972 ne, lokacin da doka ta tilasta sa shi. Tsofaffin tutoci na dankararren ulu ne mai laushi, yana lanƙwasa a hannu, sau da yawa da 'yan igiyoyi a gefen sanda, na baya-bayan nan kuwa kayan roba ne mai tauri kamar kwali.

Takarda kuma sai da gilashin ƙara girma mai ninki goma, irin na masu gyaran agogo. Hoton launi da aka buga a maɗaba'ar wancan zamani, in ka leƙa, ɗigo-ɗigo ne da suka jeru a tsari kamar 'yan furanni, baƙin rubutu kuma gefensa tas yake. Na'urar bugawa ta ofis tana watsa ɗigo barkatai, har cikin rubutun, ko ta bar tawada mai sheƙi zaune a saman takarda. Ana yawan sake buga bangon shahararrun wasanni a matsayin hoton bango, wasu kuma suna sayar da su kamar na asali. Za ka ji ana cewa a haska fitila mai shuɗin haske, in takarda ta yi walƙiya sabuwa ce. Wannan gwajin na kayan kafin 1950 ne. Daga shekarun 1950 aka fara zuba wa takarda sinadarin ƙara fari, saboda haka takardar 1966 ta gaskiya ma tana iya walƙiya.

Littafin da aka rubuta Wolverine kada ya rikita ka. Gaskiya ne Wolverines laƙabin babbar abokiyar hamayyarsu ce, Jami'ar Michigan ta Ann Arbor, amma kundin ɗaliban Michigan State ma da wannan sunan ake buga shi har tsakiyar shekarun 1970, kafin a mayar da shi Red Cedar Log. Ka nemi hoton Baba a ciki. Kuɗinsa a kasuwa kaɗan ne, amma shi ne shaidar cewa mai kayan yana East Lansing a waɗannan shekaru, kuma wannan shaidar tana ƙara wa duk sauran kayan nauyi. Ka haɗa shi da takardar shaidar karatu, da katin ɗalibi, da wasiƙu, da duk hoton da aka ɗauki Baba sanye da rigar nan.

Ƙwallon ce ke buƙatar natsuwa, don tana iya zama mafi tsada a adakar, tana kuma iya zama abin tsaraba kawai. Kada ka hura mata iska. Robar ciki ta shekara kusan sittin, ko ta fashe ko ta matsa ɗinkin ya yage. Kada ka shafa mata mai ko man takalmi, zai baƙanta fatar ya narkar da tawada. Ka karanta sunayen, ka gwada da jerin da ke tsakiyar littattafan wasan, ta haka za ka san ta 1965 ce ko ta 1966. Ka nemi Daugherty, da Smith mai lamba 95 a riga, da Webster mai lamba 90. Dukansu uku sun rasu, a 1987 da 2011 da 2007, ba za a ƙara samun sabon sa hannunsu ba. Sannan ka duba da gilashi. Sa hannun gaske na wancan lokaci yawanci da biro ne, yana barin ɗan kwarmi a fata, tawadar tana yin kauri a wani wuri ta yi siriri a wani, hannuwa kuma sun bambanta. In duk sunayen kaurinsu ɗaya, launinsu ɗaya, lumi babu kwarmi, to hatimi ne aka buga a masana'anta. In sunaye da yawa suna da karkata iri ɗaya da harufa iri ɗaya, mutum ɗaya ne ya rubuta wa 'yan wasan, abin da ya zama ruwan dare a ƙwallayen ƙungiya. Kalmar ƙarshe ta kamfanonin tantancewa ce, irin su PSA, JSA da Beckett. PSA tana kuma ba tikiti maki daga 1 zuwa 10 ta rufe shi a cikin kwanson roba. Suna karɓar kuɗi a kan kowane abu, ga kuɗin aikawa da dawowa, don haka ƙwallon da tikitin manyan wasannin nan biyu kaɗai suka cancanci wannan ɗawainiya. Cikakken tikitin da ba a yaga ba ya fi guntu tsada sosai, guntun kuma sai yana ɗauke da kwanan wata da sunayen ƙungiyoyin yake da kasuwa.

Wajen farashi, kada ka yi aiki da abin da masu sayarwa ke nema. A eBay, kasuwar saye da sayarwa ta intanet, ka rubuta sunan wasan da shekara, ka zaɓi wurin da aka rubuta Sold items, ka ga abin da aka biya da gaske, ka gwada da wanda lafiyarsa ta yi daidai da naka. Kamfanonin gwanjo na Heritage Auctions da Lelands suna ajiye sakamakon gwanjonsu na baya a intanet, kuma in ka aika musu hotuna za su faɗa maka ko kayan sun kai su karɓa. Ka tuna farashin da suke nunawa ya haɗa da ƙarin kashi 20 cikin 100 ko fiye da mai saye ke biyan kamfanin, wannan ba ya zuwa aljihun mai kaya. eBay ma tana cire wajen kashi 13 cikin 100. Sashen adana tarihi na jami'ar kansa yana iya taimaka maka da gane shekarar hoto ko tuta, sai dai irin waɗannan wurare ba sa yanke farashi. In an zo sayarwa, ka tabbatar da hanyar da kuɗi zai iso hannunka kafin kaya ya bar gida, ka aika tsakanin kwali biyu masu tauri ta kamfanin da ke ba da lambar bin sawu da inshora. Duk wanda ya ce ya turo kuɗi fiye da kima ka mayar masa da ragowa, ko ka biya wani wakilinsa kuɗin dako tukuna, ɗan damfara ne.

Sai maganar Yaya, wadda ta fi duk waɗannan muhimmanci. Yana da gaskiya a abu ɗaya: adakar nan dukiyar gado ce, kowane magaji yana da haƙƙi a ciki, har mata da ƙanana, kuma son da kake wa kayan bai ba ka ikon riƙe su kai kaɗai ba. Kai ma kana da gaskiya cewa sayarwa a kan tayin farko asara ce ga kowa. Ka same shi da littafin lissafin a hannu, ka ce, Yaya, a ba ni wata biyu in gano ainihin kuɗin kayan nan, duk abin da na samu zan kawo a gaban kowa. Idan kimar ta fito, ku kira malamin da ke raba muku gado ya shigar da ita cikin lissafi. Daga nan hanya biyu ce. Ko ka karɓi kayan a matsayin wani ɓangare na rabonka, ka biya sauran magada bambancin in ya haura, ko a sayar da manyan guda biyu ko uku a raba kuɗin, kai kuma ka fanshi ragowar a kan kimarsu. Ko wacce aka zaɓa a rubuta, shaidu su sa hannu. Kundin hotunan da rigar da wasiƙun muna ganin bai kamata su bar gidan ba, kuma ka ɗauki hotunansu masu kyau ka raba wa kowa.

In kayan sun zama naka, adakar ƙarfen nan ta gama aikinta. Tana tsatsa, tana ɗaukar zafi, tana tara raɓa da damina. Takarda ta fi son damshi tsakanin kashi 35 zuwa 50 cikin 100, kuma abin da ya fi ɓata ta shi ne hawa da sauka, daga jiƙewar watan Agusta zuwa bushewar hunturu. Ka sayi akwatin roba mai murfi mai kamawa da ƙaramin ma'aunin damshi, ka zuba 'yan ƙunshin ƙwayoyin tsotse damshi irin na cikin kwalin sabon takalmi, ka riƙa duba ma'aunin. Da hunturu ka cire su, kada takarda ta bushe ta riƙa karyewa. Kowane littafi da ledarsa, a kwance, kada tsibi ya wuce goma. Ka duba lambar da ke cikin alamar kibiyoyi uku a jikin roba: 1, 2, 4 da 5 ba laifi, 3 ita ce PVC, tana fitar da maiƙo mai ɗaga tawada. Yankakkun jaridu a ware su can daban, don tsamin takardarsu yana rina duk abin da ya jingina da su. Tuta a shimfiɗe, ba ninki, ba ƙusa. Akwatin a kan kanta a ɗakin da ke tsakiyar gida, nesa da ƙasa da jikin bango saboda gara. Abin da kake son ratayewa a falo, ka buga hotonsa ka rataye, na asalin ya zauna a duhu.

Cikon da kake son yi kuma ka sa masa iyaka tun daga farko, in ba haka ba zai cinye maka kuɗi ba tare da ka gama komai ba. Kakar 1965 wasa 11 ce har da Rose Bowl, ta 1966 wasa 10, jimla littafi 21. Ka duba nawa ne daga cikin 14 ɗinka suka faɗa ciki. Mai yiwuwa na gida ne mafi yawa, tunda su ɗalibi ke samun halarta. Na waje jami'ar da ta karɓi baƙunci ce ta buga su, saboda haka na 1966 za ka neme su ne da sunan Illinois, Ohio State, Northwestern da Indiana. Ka yanke abin da za ka iya kashewa a wata, ka nemi hoton bango da baya da shafin tsakiya kafin ka biya, kuma ka tara sayayyarka a adireshin wani amintacce a Amurka ya aiko maka su a ƙunshi ɗaya, don kuɗin aiko littafi guda zuwa Najeriya yakan fi kuɗin littafin kansa.